Darasin Lafiya: Taba da Hular Ƙoda

An shirya wannan darasi domin zumuntar mata, zumuntar maza da ƙungiyar matasa. Yana da ɗan tsawo, saboda haka ana iya raba shi zama biyu. Mai jagora ya karanta shi a gida tukuna. In akwai ma'aikacin lafiya a ƙauyen, a gayyace shi ya zauna tare da ku.

Karatu: Zabura 139:13-16, 1 Korintiyawa 6:12, 19-20, Galatiyawa 6:1-2

Manufa: Mu san abin da dafin taba yake yi wa wata ƙaramar gaɓa a jikinmu, mu gane dalilin da ya sa barin taba yake da wuya, mu kuma shirya yadda za mu taimaki masu son bari.

Gabatarwa

'Yan'uwa, in kuka tambayi mai shan taba abin da ya sa yake sha, amsar da za ku fi ji ita ce tana kwantar masa da hankali. Ba ƙarya yake yi ba, haka yake ji. Amma da za ku kama wuyan hannunsa ku ƙirga bugun jininsa kafin ya kunna karan farko na safe, sa'an nan ku sake ƙirgawa bayan ya zuƙa, za ku tarar bugun ya ƙaru da kamar 10 zuwa 20 a minti ɗaya. Zuciyar mutumin da ya tsorata ce take yin haka. To, yaya mutum zai ji hankalinsa ya kwanta alhali jikinsa yana shirin gudu? Amsar tana wurin wata gaɓa da yawancinmu ba mu taɓa jin sunanta ba.

1. Mece ce hular ƙoda?

Duk wanda ya taɓa feɗe akuya ya san ƙoda. A jikin mutum, bisa kan kowace ƙoda akwai wata 'yar gaɓa da take zaune kamar hula. Likitoci suna kiranta adirinal. A wannan darasi za mu kira ta hular ƙoda. Guda biyu ne, dama da hagu, kowace nauyinta giram 4 zuwa 5, kusan nauyin ƙwayar sukari ɗaya. Ba ruwanta da tace fitsari. Aikinta shi ne yin waɗansu sinadarai masu kai saƙo, waɗanda ake kira homon. Tana zuba su cikin jini, jini ya kai su ko'ina.

Hular ƙoda kashi biyu ce, ɓawo da ciki.

Ɓawon yana yin kotisol, wanda yake kula da yawan sukari a jini, yana kuma taimakon jiki ya jimre yunwa, ciwo da wahala. Yana yin aldostiron kuma, mai daidaita gishiri da ruwa.

Cikin yana yin adirinalin, kimanin kashi 80 cikin 100 na abin da yake fitarwa. Sauran kuwa ɗan'uwansa ne, noradirinalin.

A ce manomi yana cikin noma sai ya ga kububuwa kusa da ƙafarsa. Nan take gabansa zai faɗi, zuciyarsa ta yi ta dukan tara-tara, numfashinsa ya ƙaru. Hanta za ta saki sukari cikin jini. Jini zai ragu a ciki da fata, ya tafi ga tsokar ƙafafu. Zai yi gudun da bai san yana iyawa ba. Adirinalin yana cikin manyan masu wannan aiki. Wani masani ɗan Japan, Jokichi Takamine, shi ya tace shi daga hular ƙodar dabbobi, ya sanar da duniya a 1901.

Wannan baiwa ce daga Allah. Kamar ƙararrawar majami'a take, wadda ake bugawa da tsakar dare in gobara ta tashi. Kowa ya fito da guga, a kashe wuta, a koma barci.

2. Mabuɗin jabu

Ga yadda ake buga ƙararrawar. Akwai jijiya da ta taso daga lakar gadon baya ta shiga cikin hular ƙoda. In ƙwaƙwalwa ta ga hatsari, bakin jijiyar yakan saki wani sinadari mai suna asetilkolin. Shi kamar mabuɗi yake. A jikin ƙwayoyin hular ƙoda akwai kwaɗuna da aka yi daidai da shi. Da ya shiga kwaɗon, ƙofa ta buɗe, adirinalin ya kwarara cikin jini.

Cikin ganyen taba akwai dafi mai suna nikotin. Shukar tana yin sa ne don ta kashe ƙwarin da suke cinta, shi ya sa waɗansu masu lambu suke jiƙa taba su yayyafa wa kayan lambu. Sunan ya fito daga Jean Nicot, jakadan Faransa a Fotugal, wanda ya aika da taba zuwa ƙasarsu wajen 1560. A 1828 ne waɗansu masana biyu a Jamus suka ware dafin daga ganyen.

Abin da ya sa nikotin yake da hatsari shi ne yana shiga kwaɗon nan kamar mabuɗin gaske. A 1905 wani malami a Jami'ar Kambirij ta Ingila, John Langley, ya yi amfani da nikotin ya nuna cewa akwai irin waɗannan wurare masu karɓar saƙo a jiki, har yau kuma da sunan nikotin ake kiran wannan irin kwaɗo. A 1912 Walter Cannon da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa allurar nikotin tana sa hular ƙodar dabba ta saki adirinalin. A 1976 Philip Cryer da abokan aikinsa suka auna jinin mutane suna cikin shan sigari, suka ga adirinalin da noradirinalin sun hau, bugun zuciya da ƙarfin jini suka bi su.

Karan sigari ɗaya yana ɗauke da kamar miligiram 10 zuwa 12 na nikotin, abin da yake shiga jini kuwa kamar miligiram 1 ne. Wannan ɗan kaɗan yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20. Bayan kamar awa 2 rabinsa ya bar jini, sai mutum ya fara laluben wani karan. Mai shan kwali ɗaya a rana ya buga ƙararrawar gobara sau 20 ke nan, ba kuwa wuta ko'ina.

Kada wani ya ce shi ba ya shan sigari, don haka darasin bai shafe shi ba. Garin taba da ake shaƙa a hanci, wadda ake dasawa a leɓe, wadda ake taunawa, ta lofe, shisha da sigarin lantarki da matasa suke ɗauka a birni, duk hanyoyin nikotin ne. Kanwa ko toka da ake haɗawa da garin taba tana sa nikotin ya fi saurin ratsa fatar baki da ta hanci. Furen da waɗansu mata suke gogawa a haƙora shi ma daga shukar taba yake. Masu tsinkar ganyen taba da raɓa kuwa, dafin yana shiga ta fatar hannu, ya kawo jiri, amai da ciwon kai, musamman ga yara.

3. Hanya ta biyu

Nikotin bai tsaya ga cikin hular ƙoda ba, yana taɓa ɓawon ma, amma ta zagaye. In ya isa ƙwaƙwalwa, yakan sa ta aika saƙo zuwa wata 'yar gaɓa da take ƙarƙashinta, mai suna fituwitari. Ita kuma ta saki homon da ake kira ACTH. Jini ya kai shi ɓawon hular ƙoda, ɓawon ya ƙara yin kotisol.

Yadda Allah ya tsara, kotisol yana hawa da sassafe don ya tashe mu aiki, ya yi ta sauka har dare don mu huta. An auna masu shan taba kullum, an tarar kotisol ɗinsu ya fi na waɗanda ba sa sha. An kuma ga cewa in damuwa ta gaske ta zo, jikinsu ba ya amsawa sosai yadda ya kamata. Garin da ake buga wa ƙararrawa kullum a banza, ranar gobara mutane da nawa za su fito.

4. Shafin da ake karantawa

Wannan kashi shi ne zuciyar darasin, a bi shi a hankali.

An gina jikinmu da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, yadda ake gina ɗaki da tubali. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai cikakken umurnin ginin mutum, wanda muka gada daga uwa da uba. Masana suna kiransa DNA. Yana da sassa kimanin 20,000, kowane sashe da umurnin ƙera wani abu da jiki yake bukata. Su ake kira ƙwayoyin gado, amma a nan za mu kira su shafuka.

Ku tuna da Littafi Mai Tsarki da yake kan bagadi. Daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna duk suna ciki kowace Lahadi, amma inda mai karatu ya buɗe, nan jama'a za su ji. Haka ƙwayar ido da ƙwayar hanta, littafi ɗaya suke riƙe da shi, amma kowace da shafukan da take karantawa. In ƙwaya ta buɗe shafi, takan kwafe umurnin, ta aika da kwafin inda ake ƙera abin. Yawan kwafi, yawan abin da za a ƙera.

Ana yin adirinalin daga wani sinadari mai suna tairosin, wanda muke samu daga abinci irin su wake, gyaɗa, kifi da nama. Sai ya bi matakai 4, kowane mataki da ma'aikacinsa. Masana suna kiran waɗannan ma'aikata enzayim, kowannensu kuma yana da shafinsa a littafin. Ma'aikaci na farko, wanda ake taƙaita sunansa da TH, shi yake yanke saurin aikin duka. Kamar mai surfe yake a gidan biki: komai yawan masu tuƙa tuwo, iyakar abin da ta surfa shi za a kai niƙa. Na ƙarshe, PNMT, shi yake mai da noradirinalin ya zama adirinalin.

Sa'ad da nikotin ya buɗe kwaɗo, wani gishirin jiki mai suna kalshiyam yakan shiga ƙwayar. Shigarsa tana yin abu biyu. Na farko, a saki adirinalin da aka tara. Na biyu, a aika labari wurin littafin cewa rumbu yana ƙarewa, a buɗe shafin TH a ƙara kwafi.

Daga wajen 1990 masu bincike a Jami'ar Rochester da Kwalejin Likitanci ta New York, duka a Amurka, sun gwada wannan a jikin ɓeraye. Da aka yi wa ɓera allurar nikotin sau ɗaya, kwafin shafin TH ya ƙaru na ɗan lokaci, sa'an nan ya koma daidai. Da aka yi ta maimaita allurar kowace rana, shafin ya zauna a buɗe, ana ta kwafi har kwanaki bayan allurar ƙarshe. An ga ƙarin karatu a shafukan waɗansu ma'aikatan ma, har da PNMT.

Akwai ƙari. Jinin da ya bi ta ɓawon hular ƙoda yakan ratsa cikinta kafin ya fita. A 1965 Richard Wurtman da Julius Axelrod suka nuna cewa homon ɗin ɓawon ne yake ƙarfafa PNMT. Ashe hanyoyin nan biyu suna haɗuwa wuri ɗaya. Nikotin yana ɗaga kotisol, kotisol kuma yana taimakon ƙera adirinalin.

An yi waɗannan gwaje-gwaje a kan dabbobi, gama ba a yanka hular ƙodar mai rai don a leƙa. A wurin mutane, jini da fitsari ake aunawa, su ma sun nuna waɗannan homon sun fi yawa a jikin masu shan taba.

Abin lura: nikotin bai sake rubuta littafin ba. Rubutun yana nan yadda aka gada. Abin da ya canja shi ne shafin da ake karantawa da yawan karanta shi. Mu riƙe wannan, za mu komo kansa.

5. Abin da yake biyo baya

*Zuciya da jijiyoyi.* Kowane kara yana matse jijiyoyin jini, ya ɗaga jini, ya sa zuciya aikin dole. Hayaƙin kuma yana rage iskar da jini yake ɗauka. Mai hawan jini da yake shan taba yana ƙara wa kansa hatsarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

*Sukari.* Adirinalin da kotisol duka suna ɗaga sukari a jini. Rahoton Babban Likitan Amurka na 2014 ya ce masu shan sigari sun fi waɗanda ba sa sha hatsarin kamuwa da ciwon sukari da kashi 30 zuwa 40 cikin 100.

*Barci da ci.* Nikotin yana rage barci mai nauyi, yana kuma kashe yunwa. Mai garma da ya karya da sigari maimakon kunu, bashi yake ci a jikinsa.

*Ciwon daji da ciwon huhu.* Waɗannan sun fi fitowa daga sauran guban hayaƙin, wanda yake ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kimanin 70 daga cikinsu masu kawo ciwon daji. Nikotin shi ne igiyar da take ɗaure mutum ga hayaƙin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutane fiye da miliyan 7 kowace shekara.

To, ina kwanciyar hankalin da mai sha yake ji ta fito? A ƙwaƙwalwa ma akwai irin kwaɗunan nan. Nikotin yana sa a saki sinadarin jin daɗi, ƙwaƙwalwa kuma takan ƙara yawan kwaɗunan in ta saba da shi. Da nikotin ya ragu a jini, sai mutum ya ji ƙunci, fushi da rashin natsuwa. Ya kunna wani karan, ƙuncin ya tafi. Taba ce ta kawo ƙuncin, ita ce kuma take karɓar kuɗi ta ɗauke shi na awa biyu.

6. Jariri a ciki

Nikotin yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan da yake ciki. Lokacin haihuwa, jariri yakan shiga matsi da ƙarancin iska. Adirinalin da noradirinalin daga hular ƙodarsa su suke riƙe zuciyarsa, su taimaki huhunsa ya bushe ya fara numfashi.

A 1995 Theodore Slotkin da abokan aikinsa a Jami'ar Duke ta Amurka suka ba ɓeraye masu ciki nikotin. 'Ya'yan da aka haifa, da aka rage musu iska, hular ƙodarsu ba ta amsa yadda ya kamata ba, da yawa kuma suka mutu. A 2009 masu bincike a Jami'ar McMaster ta Kanada suka nuna ɗaya daga cikin dalilan: nikotin ya sa ƙwayoyin sun yawaita karanta wani shafi da yake dushe jinsu ga ƙarancin iska.

A wurin mutane, an tabbatar cewa shan taba da ciki, da hayaƙi a ɗakin da jariri yake kwana, suna ƙara hatsarin jariri ya mutu farat ɗaya cikin barci. 'Ya'yan mata masu shan sigari kuma sukan zo da ƙarancin nauyi, kamar giram 200 ƙasa da na sauran. Wannan magana ta maigida ce kamar yadda take ta uwargida. Hayaƙin da ya busa a ɗaki, matarsa da ɗansa suna shaƙa.

7. Albishir

Mun ce littafin bai canja ba. Saboda haka in aka daina buga ƙararrawa, jiki yakan koma tsarinsa sannu a hankali. Cikin minti 20 da karan ƙarshe bugun zuciya yana fara sauka. Cikin awa 12 gubar hayaƙin da take hana jini ɗaukar iska ta koma daidai. Kwaɗunan da suka yi yawa a ƙwaƙwalwa suna raguwa cikin makonni 6 zuwa 12. Bayan shekara 1, hatsarin ciwon jijiyoyin zuciya ya ragu da kusan rabi.

Makon farko ne ya fi zafi, musamman kwana na 2 da na 3. Za a yi fushi, ciwon kai, rashin barci da yawan jin yunwa. Yawanci abin yana sauƙi cikin makonni 2 zuwa 4. Sha'awar takan zo da ƙarfi, ta yi 'yan mintoci, ta wuce. Yawancin waɗanda suka bari sai da suka gwada sau da yawa.

8. Aikin ikkilisiya

Manzo Bulus ya koya wa Korintiyawa cewa jikin mai bi haikali ne na Ruhu Mai Tsarki, kuma bai kamata wani abu ya mallake mu ba. Ya kuma gargaɗi Galatiyawa su komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u, su ɗauki nauyin juna. Sau da yawa mun riƙe koyarwa ta farko mun manta ta biyu. Shi ya sa ɗan'uwa yake zagayawa bayan rumbu ya sha, ya tauna goro don ɓoye wari, sa'an nan ya shigo sujada. Wanda yake ɓoyewa ba zai nemi taimako ba. Yanzu mun san abin da yake fama da shi ya kai har cikin ƙwayoyin jikinsa. Yana bukatar addu'a, yana kuma bukatar mutum a gefensa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin yi

1. Mai son bari ya sa rana, ya gaya wa iyalinsa da aboki ɗaya amintacce a ikkilisiya.
2. Daren ranar ya fitar da sigari, garin taba da lofe daga gida.
3. In sha'awa ta taso, ya sha ruwa, ya ja numfashi a hankali, ya tauna asuwaki, ya tashi ya kama wani aiki.
4. Abokin ya ziyarce shi kowace rana a makon farko. Iyali su yi haƙuri da fushinsa.
5. Ya je asibiti a auna jininsa. Akwai cingam da filasta masu ɗan nikotin da ake rage ƙarfinsu a hankali, sun fi hayaƙi sauƙin hatsari ƙwarai. Ma'aikacin lafiya ne zai nuna yadda ake amfani da su. Mai ciki da mai ciwon zuciya kada su fara sai da shawarar likita.
6. Kada a sa wa yaro ko babba garin taba a haƙori mai ciwo. A kai shi asibiti.
7. Kada a aiki yaro sayen taba. A Nijeriya, dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. 'Yan'uwa masu tireda su lura.
8. Ranar 31 ga Mayu ita ce ranar yaƙi da shan taba ta duniya. Ikkilisiya tana iya ba waɗanda suka bari dama su ba da shaida a Lahadin da ta fi kusa.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Kowa ya ƙirga bugun jininsa na minti ɗaya a zaune, ya tashi ya yi tsalle sau 20, ya sake ƙirgawa. Yaya zai zama in zuciya tana irin wannan aiki sau da yawa a rana alhali mutum yana zaune?
2. Waɗanne irin taba aka fi amfani da su a ƙauyenmu? Su wa suke amfani da su, don me?
3. Nawa ne kuɗin taba na rana ɗaya a kasuwarmu? Ku lissafta na shekara. Mudu nawa na masara zai saya?
4. In wani ya tashi a zumunta ya ce yana shan taba yana kuma son bari, me zai gani a fuskokinmu?
5. Wa zan iya tsayawa tare da shi a makonsa na farko?

Addu'a

Ya Ubangiji Mahaliccinmu, mun gode maka domin jikin da ka ba mu, har da gaɓoɓin da ba mu san sunansu ba. Ka ba 'yan'uwanmu masu fama da taba ƙarfin bari. Ka kiyaye mata masu ciki da jarirai. Ka gafarta mana inda muka yi wa wani dariya maimakon mu riƙe hannunsa. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.